Maganin Inna Kala Uku

A shekarar da na gama sakandare Inna ta fara faɗuwa. Za ta miƙe daga tabarma, ta yi taku biyu, sai ka ga ta dafa bango ta sulale ƙasa. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya daina shigarta. Tun bara aka gaya mata a asibitin Kaura tana da hawan jini, kuma tana shan magani, ko kwana ɗaya ba ta fashi. To mene ne kuma? Gwaggo, yayar Baba, ta yanke hukunci: iska ce. Wai Inna ta watsa ruwan zafi a rariya ba ta yi bismilla ba.

Aka tsai da magana ranar Juma'a Baba zai ɗauke ta a babur zuwa wurin wani mai magani can bayan Zurmi. Kowa a garinmu Ɗan Isa ya san hanyar nan, ya san irin mutanen da ke tare ta. Matar da ba ta iya tsayuwa a tsakar gida, ita za a ɗora a bayan babur, in an ce a gudu ta gudu da me? Na ce ban yarda ba. Baba ya ce ba a tambaye ni ba.

Ranar Laraba da hantsi wata farar bas ta tsaya a firamare. Mai shela ya zagaya yana cewa ɗaliban jami'a ne masu koyon haɗa magunguna, za su auna jini kyauta, kowa ya kawo duk maganin da ke ɗakinsa a duba masa. Ban jira ya gama ba. Na buɗe kwallar da Inna ke ajiyar magani, na juye a leda, na zari hijabi.

Na tarar da layi har bakin dalbejiya. Na ratsa ta gefe. Wani ɗalibi mai farar riga ya tare ni.

"Malama, a bi layi mana."

"Layin masu iya tsayuwa ne. Uwata tana gida kwance."

Wata ɗaliba da ke zaune a benci ta yi dariya, ta yafito ni. Ba za ta girme ni da shekara huɗu ba. Ta zazzage ledar a kan tebur, ta ware farasitamol da man zafi gefe, ya rage kwali uku.

"Wanne take sha a ciki?"

"Duka. Kowace safiya, ɗaya ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni. Na yi mata bayani, don ni a lokacin ban ga abin mamaki ba. Farin na Yaya Babba ne, shi ya kai ta asibiti, shi ke sayo shi a Kaura. Mai ruwan ɗorawa na yayana mai shago a Shinkafi ne. Na ukun, mai kwali shuɗi, yayata Anti da ke aure a Gusau ce ke aikowa. Tunda aka ce Inna na da hawan jini, duk wanda zai zo gida cikinsu sai ya biya kemis ya ce a ba shi mai kyau. Ya zama tsaraba.

Ɗalibar ta jera kwalayen, ta ce in karanta sunayen. Na karanta, kowanne daban. Ta sa farce a ƙarƙashin babban rubutun, inda wani ɗan siririn rubutu yake.

"Yanzu karanta wannan."

Kalma ɗaya ce a duka ukun, da lamba ɗaya. Kamfani ne kawai ya bambanta. Wata biyar ina miƙa wa Inna magani ɗaya ninki uku da hannuna, ni da nake taƙama da na ci Turanci a jarrabawa. Kunya ta kama ni, sai ta koma haushi.

"Tashi mu je ki gan ta," na ce.

Ta kira malamarsu, wata dattijuwa mai tabarau, suka ɗauko abin awo muka tafi. A zaure Baba ya dube su, ya ga mata ne, ya matsa. Gwaggo na tsakar gida tana tsince wake.

"Waɗanga 'yan yara mi sunka sani ga iska?"

"Gwaggo, ki bari su auna iskar," na ce.

Suka auna Inna a zaune, suka ɗaga ta muna riƙe da ita suka sake aunawa. Malamar ta ce jinin ya sauka ƙasa da yadda ake so, shi ya sa in ta miƙe take ganin duhu, kumburin ma daga nan ne. Ta ce a tsaya a kan ƙwaya ɗaya, ta rubuta takarda a kai asibitin Kaura a sake duba ta. Na ɗauka an gama. Ashe ban san uwata ba.

"Malama, ban iyawa," Inna ta ce wa malamar. "In na sha na wanga na bar na wancan, ya ji labari, ya ce na hi son ɗan'uwanai. Duka ni na haihe su."

Malamar ta yi bayani a hankali, ta sake yi. Ɗalibar ta zana mata hoto a takarda. Inna na ta gyaɗa kai tana cewa Allah shi yi albarka, amma ta janyo kwalayen uku ta tura ƙarƙashin cinyarta. Ni haƙurina kaɗan ne.

"Inna, wa ya ce ki bar na wani? Ranar salla tuwon gida uku kike ci a lokaci ɗaya? Wannan watan na Yaya Babba. Ya ƙare, ki shiga na Shinkafi. Sannan na Anti. Kowa da watansa, kuma babba ne farko."

Malamar ta juya kwalayen, ta duba ranar lalacewarsu, ta ce hakan ya yi daidai. Inna ta yi lissafi da yatsu.

"Babba ne farko," ta maimaita. Ta zaro kwali biyu ta miƙo mini.

Saura Baba. Malamar ta fita zaure da kanta, ta roƙe shi mako ɗaya kawai. Ya ce mako ɗaya, in ta sake faɗuwa ba ya son jin bakin kowa, yana maganar yana kallona. Washegari Yaya Babba ya zo ya kai ta Kaura da takardar, likita ya tabbatar da abin da aka ce. Na ɓoye kwalaye biyun a akwatin littattafaina, na sa kwaɗo, don na san halinta.

Kwana uku tana tashi da dafa bango. A na biyar na shigo daga ɗibar ruwa na same ta tsaye tana sheƙar gero, ba ta jingina da komai ba. Na ajiye jarka na tsaya ina kallo.

"Ke, mi kike kallo? Kawo mini faifai."

Makon da Baba ya bayar ya cika, ba wanda ya ambaci Zurmi. Da la'asar na ari wayarsa na kira yayyena ɗaya bayan ɗaya, na ce daga yau wanda ya sake shigo mana da kwalin magani ni zan tare shi a zaure. Mai son ya burge Inna ya kawo kifi. Na Shinkafi ya ce ba ni da kunya. Ranar kasuwa sai ga shi da busasshiyar tarwaɗa cike da kwali, Inna da kanta ta fito har ƙofar gida ta karɓa.