Baba Isyaku na Darki, Wanda Ya Hana a Kori Mai Tarko

Da an sallame sallar asuba, Baba Isyaku na Darki zai duba ƙafafun karnukansa, ya cire musu ƙaya da kaska, ya dama musu dusa, sannan ya nemi nasa kokon. Bana gwiwa ta ce ya isa haka, ya jingine gorarsa, ya sauka daga shugabancin mafarautan yankinmu. Ni mai bindiga ne, kuma ba na ɓoyewa, farauta da kare hayaniya ce kawai a wurina. Amma wannan dattijo dole in jinjina masa.

Mu mafarauta akwai mu da raini. Mai kare ya ce mai bindiga matsoraci ne, daga nesa yake kisa. Mu kuma mu ce mai tarko barcinsa yake sha, nama ya kawo kansa. Shi kuwa Baba, ko da zomo ɗaya ka zo, sai ya ce, "Yaya ka yi ka same shi?" Kuma ya zauna ya saurare ka har ƙarshe.

Wani rani, a fadamar bayan Dagumawa, tarkon Dalhatu ya datse ƙafar Guguwa, karyar da Baba ya fi ji da ita. Dalhatu tsoho ne mai ciwon ƙirji, ba ya iya bin karnuka, tarkon nan ne miyar gidansa. Masu kare suka taru, wani cikinsu mai suna Ya'u ne kan gaba, suka ce daga yau an hana tarko, Dalhatu ya kwashe ƙarafansa ya bar dajin. Sun sakankance Baba zai amince, tunda shi aka yi wa ɓarna.

Ina wurin. Baba ya ɗaure ƙafar karyar da karan dawa, idonsa ya yi jawur. Sannan ya ce, "Dalhatu, ka ƙulle ciyawa?" A al'adarmu mai tarko yana ƙulle kan ciyawa kusa da inda ya ɗana, don mai wucewa ya kauce.

"Na ƙulle, Yaya Isyaku."

Baba ya taka ya gani da idonsa, ya dawo. "Ƙulli yana nan. Ni na saki karnuka ban duba ba."

Ya'u ya ce, "Baba, karyar nan fa ta nakasa."

"Na sani, ai tawa ce. In kora za a yi, a fara da wanda ya karya ƙa'ida, ga ni nan."

Nan aka bar maganar korar Dalhatu.

Kai ne, Baba, ka haɗiye zafin ranka don kada a raba tsoho da abincinsa. Guguwa ba ta sake farauta ba, mun san abin ya yi maka ciwo, kuma ba ka taɓa goranta wa kowa ba. Gwarzon Darki, mun gode, Allah Ya ƙara wa gwiwar nan lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana masu kare, masu baka da mu masu bindiga, ku yi koyi da shi, dajin ya ishe mu duka. Dalhatu yana nan yana ɗana tarkonsa, kuma iyalinsa ba su rasa nama a miya ba.