Zauren Baffa Ilu da Buhun Simintina Biyu

Damina goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baffa Ilu, ƙanen mahaifina, maginin da ya ɗaga zauren gidanmu a tsohuwar unguwarmu ta cikin garin Rano. Ya rasu ba da jimawa ba bayan komawa mulkin farar hula, lokacin da duk mai ɗan hali yake rushe ginin ƙasa yana sa bulo. Ya tafi yana ganin sana'arsa ta riga shi kwanciya.

Mutum ne mai yawan dariya, ni kuwa tun ina ƙarami damuwa ce abincina. In ya ga na tsura wa tsagar bango ido sai ya ce, "Sabo, bango ba ya faɗuwa don an kalle shi, ɗauko mini ruwa." Rufin zauren ɗaurin guga ne, wato mai lanƙwasa kamar baka, babu ginshiƙi a tsakiya. A fuskar waje kuma ya yi zane da yatsunsa tun laka tana ɗanya.

Shekara uku da suka wuce wani Alhaji mai motocin haya ya sayi gidaje uku a jikin namu, ya mai da su masaukin masu zuwa kallon ganuwa da duwatsu. Maƙwabtan da suka sayar, wasu sun koma bayan gari, ɗaya ya tafi ƙauyen Zinyau. Sai ga aike daga Alhajin: ranar Asabar baƙi za su zo ganin zaurenmu.

Kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba. Mutane su taso daga Kano, har da na ƙasashen waje, su tarar da bango duk tsaga? Ai baƙonka Annabinka. Na tara abin da na samu a kasuwar Kibiya, inda nake awon hatsi, na sayi siminti buhu biyu da shuɗin fenti, na sa aka shafe fuskar zauren tas. Ranar Asabar na sa farar riga na tsaya a ƙofa.

Alhaji ya iso da baƙinsa, ya dubi hagu ya dubi dama. "Malam Sabo, ina zanen?"

"Na gyara, ranka ya daɗe."

Ya dafe kai. Garin gyaran gira na tsone ido. Da baƙi suka watse ya ce in sayar masa da gidan tun ban ƙarasa sauran ba, tunda ban san darajarsa ba. Ƙannena biyu suka ce magana ce mai kyau. Ni kuma don kunya har na fara tunanin inda zan kai iyali.

Inna Dije, matar marigayin, ita ta amsa daga bayan ƙyaure. "Alhaji, in ka sayi bangon, wa zai riƙa yi maka yaɓe? Ginin ƙasa ba ya zaman kaɗaici. Ka bari damina ta zo, ai ba a taɓa ɗaura wa siminti aure da laka ya zauna ba."

Haka kuwa aka yi. Ruwa na uku, da hantsi, muka ji rim! Na fito a guje ina salati, ina cewa zaure ya tafi. Ashe simintin ne ya saki, ya zubo falle-falle, ga zanen Baffa a ƙarƙashi, sai ɗan abin da ya goge daga ƙasa. Matan gida suka yi ta guɗa, Inna Dije tana dariya har da hawaye. Ita ce ta yi shekara talatin tana jiƙa wa mijinta makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake haɗawa a shafe bango don kada ruwa ya ci. Ta zauna a kan turmi tana ba da umarni, ni da furfurata ina cuɗa laka da ƙafa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba mu sayar ba. Muka yi sharaɗi da Alhaji a gaban mai unguwa: baƙi su shiga zaure, su tsaya a ƙofa ta biyu, kuma ba a ɗaukar hoton kowa sai ya yarda. Yanzu Inna tana sayar musu da alkaki, masaƙin layinmu ma ya kakkaɓe kayan aikinsa.

Me Baffa zai ce da ya ga haka? Na san zai fara da dariya, ganin masu takalmi sau-ciki suna ɗaga kai suna kallon azararsa. Amma zai duba sahun masallacinmu ya ga giɓin waɗanda suka tashi, kuma wannan zai dame shi. Ni ma yana damuna. Unguwa ba bango ba ce kaɗai, kuma ban san gidan wa za a taya gaba ba.

Bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Ya bar aikin da ya hana a fitar da mu daga inda aka binne cibiyarmu, Allah Ya kai haske kabarinsa. Bana ni kaɗai na yi yaɓen. Da na gama na koma gefe, Inna ta shafa bangon da tafin hannu.

"Bai kai na Baffanka ba," in ji ta. "Amma za mu kwana a cikinsa."