Ina Sane Na Shanya Garin Ƙarfen Ɗana

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ko bihim ban sani ba a boko, wata maƙwabciyata ce take rubuta mini wannan, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana ko ta ga ina kuka. A lokacin da abin ya faru ina zaune a wani ƙauye tsakanin Runka da Tsaskiya, 'yan kwanaki da rasuwar maigidana, na shiga takaba. Na haifi bakwai, ƙasa ta rufe shida. Autana kaɗai ya rage, shi ne kuma ya yi karatu mai zurfi har ana kiransa dakta, ko da yake ba ya duba marar lafiya. Ƙarfe yake dubawa.

Labarin mutuwar ya iske shi a Kano, yana shirin hawa jirgi zuwa ƙasar Turawa. Sai ya juyo da jakarsa kamar yadda take. A cikinta akwai wasu ƙananan kwalabe shida, an liƙe bakinsu gam. Da yake maza sun cika zaure, sai ya kawo jakar ɗakina ya tura ƙarƙashin gado, ya ce nan ne ya fi aminci.

Ran sadakar uku da la'asar ya shigo ya zauna a bakin tabarmata, na tambaye shi abin da ke ciki. Ya ce garin ƙarfe ne, shekara biyu yana narka ƙarfuna yana gauraya su kafin ya samu wanda ya yi. Ya ce masana suna gina wata tukunya da za ta riƙa ba da wutar lantarki kamar yadda rana take yin tata wutar, kuma makamashinta wata iska ce mai wuyar samu da suke kira tiritiyam. Ba duka take cinyewa a tukunyar ba, saura kuma ba a so ta tsere. To garinsa shi ne zai shanye sauran ya riƙe, in an gasa shi ya amayar da ita a sake amfani. Na ce ashe dai soso ya ƙera, ya yi dariya, dariyar farko tun da ya zo. Ya ce a can Turai ne kawai za a gwada masa da iskar gaske, an ba shi lokaci, in ya wuce wani za a ba. Sannan ya ja mini kunne: garin kamar garin rogo ne, in ya sha ruwa ba ya da cikin shan madara. In iskar duniya ta taɓa shi, ya ƙoshi ke nan. Na gane sarai. Ina so a rubuta wannan da kyau: na gane.

Ya ce bayan sadakar bakwai zai tafi, shekara uku.

Wanda bai yi takaba a ƙauyenmu ba a wannan zamani ba zai san abin da na ji ba. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ga 'yan bindiga sun hana noma a gonakin nesa, maƙwabta kullum sai an ga wani ya ɗaura kaya a a-kori-kura ya nufi Batsari. In an shigo garin kowa zai gudu daji, ni da gwiwata ba ta kai ni bakin rijiya, wa zai ɗauke ni? Na so in ce masa ya zauna. Amma ɗan fari ake yi wa kunya, ni har autan na kasa buɗe baki in roƙa. Uban ne ya sayar da shanun huɗa ya sa shi makaranta, na ji kamar in na roƙa na tone kabarinsa.

Kwana na shida ya faɗo Juma'a. Maza suka tafi masallaci, matan da ke taya ni zama suka koma duba tukwane. Na jawo jakar. Na sa wuƙar yankan kuɓewa na ɓamɓare bakin kwalaben ɗaya bayan ɗaya, na juye a tasa, na miƙa ta inda rana ke shigowa ta ƙofa, na baza da yatsa kamar yadda muke shanya irin gero kafin damina. Garin toka-toka ne, ko cikin ludayi bai kai ba. Na ji tasar ta ɗauki ɗumi, launinsa ya fara duhu. Ina gani, amma ban mayar ba.

Da ya dawo ya gani, ya tsaya a bakin ƙofa da dardumarsa a kafaɗa. Ni na riga shi magana. Na ce na ga kamar kwalaben sun yi gumi, na ji tsoron kada ya yi fumfuna irin na iri. Matan gida suka taru suna salati, wata ƙanwar ubansa har da cewa me tsohuwa ta sani, gyara ta so yi. Shi kuma ya durƙusa ya ce in yafe masa, laifinsa ne da ya ajiye a inda bai dace ba. Ni ya roƙa gafara. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, ya yi ta kira kwana da kwanaki. Murhun da ya narka ƙarfen na aro ne, an riga an mayar. Lokacinsa ya wuce, aka ba wani. Ya zauna, kamar yadda na so. Bayan na fita takaba aka shigo garinmu da tsakar rana, shi ya goya ni a bayansa har cikin dawa, ya dawo da ni Batsari, nan muke a ɗaki biyu. Yanzu yana koyarwa a wata sakandare, yana tafiya a babur. Kullum zai gaishe ni da safe, ya tambayi gwiwata. Kwalaben nan shida suna kan tagarsa, ya wanke su. In baƙo ya tambaya sai ya ce Inna ba ta sani ba ne. Shekara huɗu ke nan ina jin wannan kalma, kowane lokaci kamar an ƙara mini kwaɗo a ƙofa. Takabar mijina ta ƙare, wannan kuwa ba ta da ranar fita.

Abin da na koya shi ne rashin karatu ya zame mini mayafi, na ɓuya a ciki, kowa ya tausaya mini, alhali abin da na yi da wayona na yi shi. Iyaye 'yan uwana, in tsoro ya kama ku, ku faɗa wa 'ya'yanku da baki. Da na ce masa ina tsoro, wataƙila da ya kai ni Katsina wurin dangi ya tafi, wataƙila da ya zauna da kansa. Ban ba shi zaɓi ba, na kuma bar shi yana ɗauke da laifin da ba nasa ba.

Mai rubutun ta tambaye ni ko na san ɗana yana sayen wannan mujallar da za mu aika wa labarin. Na ce mata na sani. Babu wata uwa a ƙasarmu ta Safana da ta shanya garin ƙarfe a tasa sai ni. Ranar da ta fito zan zauna a bakin ƙofa in jira ƙarar baburinsa.