Littafin Mota da Bwat ɗin da Ke Cikinta

Kafin wata Litinin da har yau ban manta da ita ba, na yi imani cewa duk abin da ake bukatar sani game da mota yana cikin littafinta. Na yi karatun jami'a a fannin gudanarwa, kuma a lokacin ni ne shef mai kula da motoci da kayan aiki na wani shirin lafiyar dabbobi da ke da biro, wato ofis, a Tasawa. Ina girmama masu gyara, amma a zuciyata ina ganin su masu aiki da sabo ne, ni kuwa mai aiki da hujja.

Bayan girbi ne. Likitanmu na dabbobi ya yi alkawari da Ardo Jabbi, shugaban wasu makiyaya a arewacin Mayahi, cewa ranar Alhamis za a kai allurar rigakafin shanu wata rijiya kusa da Issawane. Ardo ya tara garkuna daga nesa, ya kuma faɗa a fili cewa Juma'a bayan masallaci za su gangara kudu bin karan gonaki. Allurar cikin akwatin ƙanƙara take tafiya. Idan mota ta tsaya cikin rairayi na wuni guda, maganin ya lalace, shanun kuma sun tafi sai baɗi.

Mota ɗaya gare mu mai iya wannan hanya, wata kat-kat, mai ja da ƙafa huɗu, da muka gada daga wani shiri da ya rufe. Otomatik ce, wato bwat ɗinta, akwatin da ke canza gudu, da kanta take aiki, direba ba ya canza gudu da hannu. Irin wannan bwat da mai take rayuwa, kuma kowace da irin nata. Direbanmu Idi ya kwana biyu yana cewa tana jinkiri idan ta yi zafi, sai na yanke shawarar a yi mata bidanji, a zubar da tsohon mai a zuba sabo, kafin tafiya.

Na bi ƙa'ida yadda na iya. Na buɗe littafin motar, na kwafe lambar man da ya ambata, na cika takardar oda, daraktan shirin ya sa hannu, aka kawo bido uku, wato jarkokin mai, daga wani shago a Maradi da hatiminsu. Har na hana Idi ya saya a kasuwa, inda ake sayar da jan mai cikin kwalabe ana cewa duk ja ɗaya ne. A kan wannan kam har yau ina ganin na yi daidai.

Litinin da safe muka kai ta garajin Malam Lawali, dattijo mai furfura wanda ya riƙe motocinmu tun kafin in zo. Ya ɗauki bido ɗaya, ya buɗe, ya ɗiga man a yatsa ya murza, sannan ya ajiye. Ya shiga rami ƙarƙashin motar ya daɗe. Da ya fito sai ya ce:

"Shef, wannan man ba nata ba ne."

"Malam Lawali, littafi ne ya faɗa. Ga shafin."

"Ni ban iya nasaranci ba, karanta mani. Littafin naka ya ce da wane joji ake auna man?"

Joji shi ne siririn ƙarfen da ake zarowa a ga inda mai ya tsaya. Na karanta a hankali, da muryar wanda ya san zai yi nasara, na fassara masa: wannan bwat ba ta da joji, rufaffiya ce, ta wata ƙofa a gefe ake cika ta.

"Madalla," in ji shi. Ya ɗaga murfin injin, ya miƙa hannu can baya, ya zaro wani dogon ƙarfe mai jan kai, ya miƙo mani. "To wannan fa, tsinken tsire ne?"

Idi ya juya baya yana tari, amma na san dariya ce.

Na tsaya da ƙarfen a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Malam Lawali bai ja ni da nisa ba. Ya ce bwat ɗin asali ta mutu tun hannun mutanen farko, aka sayo ta hannu daga ƙetaren iyaka, tsohon samfuri, aka ɗaura. Haka ake yi a ƙasar nan, kuma ba wanda ya rubuta a karne, littafin tarihin gyaran motar. Man da na kawo tsinkakke ne, na sabon samfuri. Tsohuwar tana son mai kauri kaɗan.

"In na zuba wannan, kan kwalta lafiya lau za ta kai ku Mayahi. Amma in ta shiga rairayi ta yi zafi, sai ta riƙa zamewa, injin na kuka mota ba ta tafiya. Can ba inuwa, Shef, sai ta akwatin maganinku."

Na juya wajen Idi na tambaye shi ko ya san da wannan.

"Sau huɗu take canza gudu, Shef, littafi ya ce biyar. Kullum ina ƙirgawa."

"Me ya hana ka faɗa mani?"

"Ai ba ka tambaya ba. Kuma ka zo da takarda."

Wannan amsa ta fi tsinken tsire shiga jikina, domin ba raini a cikinta ko kaɗan.

Abin da ya rage shi ne a samo man da ya dace kafin Alhamis. A nan karatuna ya yi amfani, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. A jikin jojin akwai wasu haruffa da aka buga, sun cika da datti. Malam Lawali ya goge, ni na karanta, muka haɗa da lambar da ke kan wani ɗan faranti a jikin bwat ɗin. Na koma biro na shaida wa darakta cewa kuskuren nawa ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Gara a garaji da a daji," ya sa hannu a sabuwar takarda. Mai shagon Maradi ya yarda ya musanya, ya ɗora a motar haya, man ya iso Talata da la'asar. Na duba hatimi, na karanta bayan kowane bido harafi da harafi, Malam Lawali kuma ya murza a yatsa. Sai da muka yarda mu biyu aka zuba.

Na bi su tafiyar, abin da ban saba yi ba. Bayan Mayahi hanya ta zama rairayi zalla, ni kuwa ina zaune gaba ina ƙirga canjin gudu a zuci kamar mai jan carbi. Huɗu ne. Ba ta zame ko sau ɗaya ba. Mun isa rijiyar da hantsi, ƙanƙara da sauranta, shanu sun cika fili har inda ido ya tsaya. Ardo Jabbi ya tarbe mu da ƙwaryar nono ya ce, "Kun cika alkawari." Na karɓa na sha, ban ga dalilin ba shi labarin joji ba.

Na sha tambayar kaina ko littafin ne ya yi ƙarya. Bai yi ba. Gaskiya ya faɗa game da motar da ta fito daga masana'anta, sai dai ba ita ce ke tsaye a gabana ba. Motocinmu sun bi hannuwa da yawa kafin su iso gare mu, kuma tarihinsu yana wajen masu tuƙa su da masu shiga ƙarƙashinsu.

Tun daga wannan mako, shafin farko na karnen kowace mota a bironmu yana ɗauke da lambar bwat ɗinta da irin man da take sha, an kwafo daga jikin ƙarfen, ba daga littafi ba. A ƙasan takardar oda kuma akwai layi biyu da babu su a da, ɗaya na direba, ɗaya na mai gyara. Ba na sa hannu sai sun sa.