Gadar da Aka Yi wa Kalmasa

A layin nan babu wanda ya taɓa ganin Goggo Tela ba tef a wuya. Da shi take girki, da shi take zuwa kasuwa, jikokinta ma sun ce da shi take barci. Shekara arba'in ke nan tana taka keken ɗinki a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanta, ɗakin da rabinsa tebur ne, rabinsa kuma buhunan guntayen ƙyalle da ta ce wata rana za su yi amfani. A wurin yayar mahaifiyarta ta koyi ɗinki tun tana 'yar shekara goma sha biyu, mace mai zafin hannu da ta fi koyarwa da ranƙwashi a kan baki. Daga gare ta Goggo ta gaji keken, ta gaji almakashi, ta kuma gaji wani irin kallo: kafin ta amsa maka sallama ta riga ta auna kafaɗarka da ido. Ɗinkinta ba tsada, alkawarinta ba ya wuce kwana biyu da ranar da ta sa, amma fa tana da baki. In ka ƙara ƙiba, a shagonta za ka fara jin labari.

Mijinta Baba Direba shekara talatin ya yi yana jan bas. Da ya ajiye tuƙi sai ya kama wani aikin da ya fi ƙwarewa a kai, wato gardama. Kullum in ya karya, sai ya fita bakin titi, ya zauna a bencin da ke gaban shagon mai faci, inda tsoffin direbobi uku ko huɗu suke taruwa su gyara duniya kafin azahar. Goggo kan ce da ana biyan surutu da tuni sun gina bene.

Abu biyu ne suka faɗo a shekara guda. Na farko, ƙaramar hukuma ta haƙa babbar kwata tsakanin layinsu da titi, ta zuba mata kankare. Aiki ya yi kyau, ba za a ci haƙƙinsu ba, don tun daga lokacin ruwa bai sake shiga ɗakin kowa ba. Sai dai da suka gama, a bakin layin katako biyu suka jera suka ce na wucin gadi ne, suka kwashe kayansu. Na biyu, wata safiya Baba Direba ya tashi ɓarin jikinsa na hagu ya ƙi tashi tare da shi. Ya yi wata biyu a asibiti, ya dawo da bakinsa garau, ƙafa kuwa sai a hankali. 'Yarsu ta fari ta sayo masa keken guragu mai kyau, wanda ya fi katakon nan biyu faɗi.

Sau ɗaya maƙwabta suka gwada ɗaga shi da keken gaba ɗaya su tsallakar. A tsakiya katako ya lanƙwasa, keken ya karkata, saura ƙiris. Da suka dire shi, suka mai da shi gida, ya dubi matarsa.

"Tela, ni na ɗauki mutum sittin a mota ɗaya ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Ba za a sake ɗaukata kamar buhu ba."

Daga ranar zamansa ya koma ƙofar shagonta. Yana hango bencin, taku arba'in bai cika ba, yana ganin hannuwa na tashi ana musu, ba ya jin abin da ake cewa. Abokan kan leƙo su gaishe shi, amma gaisuwar mara lafiya daban, hira daban. A hankali mutumin da ba ya rufe baki ya koma yini guda bai yi jimla goma ba. Wannan shirun ne ya fi shi kansa ciwon damun Goggo, ta kan taka keke da ƙarfi don kada ta ji shi.

Ta aika wa kansilan unguwar sau biyu, wani matashi da ita ta ɗinka masa kayan makaranta tun yana zubar da majina. Ya ce yana kai, yana kai. Da ta ga an shiga wata na goma yana kai, sai ta ce zuwa da kai ya fi aike. Ta rufe shago, ta hau mota zuwa sakatariya. Ofishi na farko suka tura ta na huɗu, na huɗu suka ce mai ofishin ya fita, ta zauna a benci ta cinye rabin yini tana auna masu wucewa da ido. Daga ƙarshe aka shigar da ita wurin sakataren ayyuka, wani mai tumbi da gilashi a kan hanci.

"Mama, ba ma karɓar koken mutum ɗaya. Sai dai daga kwamitin mazauna unguwa."

"To ina kwamitin yake in je?"

"Ai ku za ku kafa."

Ya miƙa mata fom mai shafi uku. Gida goma sha ɗaya ne a layin, kuma babu gidan da ba shi da yadi a kan teburinta. Duk wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta tarar da fom a shimfiɗe kusa da almakashi.

"Goggo, rigata ta fito?"

"Ta fito, ga ta can a rataye tana kallonki. Sa hannu nan tukuna, ki kuma gaya wa maigidanki ana taro ranar Asabar."

Ranar Asabar kuwa ƙofar shago ta cika. Ashe kowa da nasa ciwon game da katakon nan, bai dai faɗa ba. Mai wanki ta ce sau biyu ƙullin kayan mutane na faɗa mata kwata. Malamin firamare ya ce babur ɗinsa a gidan wani yake kwana. Wata amarya mai tsohon ciki ta ce ita rufe ido take in za ta tsallaka. Aka zaɓi malamin ya zama magatakarda don shi ne mai rubutu mai kyau, aka ce Goggo ce shugaba, ta ce ba ta so, ta gyara zama a kujerar.

A shafi na uku fom ya nemi faɗin kwatar da faɗin mashigar da ake so. Goggo ta ce wannan kuma aikinta ne, kada kowa ya sa mata hannu. Ta cire tef daga wuya, ta durƙusa a bakin kwata ta auna, ta auna keken mijinta daga taya zuwa taya, ta faɗa wa malamin lambobi ya rubuta. Aka kai takarda, aka buga mata hatimi, Goggo ta dawo gida tana rangaji.

Bayan mako uku wata farar mota ta tsaya a bakin layi. Wata budurwa ta fito da hular kwano da tef na ƙarfe, aka ce ita ce injiniya. Ta gaishe da kowa da ladabi, ta auna, ta duba takarda, ta sake aunawa, ta ɗan yamutsa fuska, ta tafi. Kwana biyu sai ga kansila ya zo yana sosa ƙeya.

"Goggo, an sami matsala. Kwatar ƙafa biyar ce, ku kun rubuta shida da rabi. Sakatare ya ce an yi aringizo ne don a sami rarar siminti. In aka soke takardar, sai jerin ayyukan baɗi."

Goggo ta miƙe za ta zazzaga masa, sai maganar ta maƙale. Ta tuna sarai: biyar tef ya nuna mata, bakinta kuma ya ce shida da rabi. Hali zanen dutse. Shekara arba'in ba ta taɓa faɗin awo tsurarsa ba, abin da za a yanka take faɗa, da wurin ɗinki da na kalmasa duk a ciki. Kunya ta rufe ta. Ita da ba ta taɓa riƙe wa kowa ko taƙi ɗaya na yadi ba, yau ita ake wa kallon ɓarauniyar siminti, kuma da bakinta ta ƙara wa mijinta shekara guda a ƙofar shago. Ta kalli Baba Direba, ya kawar da kai yana kallon titi, kamar bai ji ba.

Ranar Laraba kwamitin ayyuka ke zama, kuma doka ta ba mazauna damar shiga, ko da yake ba mai zuwa. A wannan Larabar sai da aka aro benci daga wani ofishi. Gida goma sha ɗaya suka zo, har da amarya mai ciki, har da mai faci da ya rufe shago. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai sanyin murya, ya sa sakatare ya karanta laifin. Ya karanta da daɗin baki, yana jan "ƙafa shida da rabi" kamar mai kama ɓarawo a kasuwa.

"Mama, ke kika yi awon nan?" in ji shugaba.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Malamin nan ba ruwansa, abin da na faɗa ya rubuta. Kwata biyar ce, ban musa ba. Amma ni tela ce, ban iya yanka abu cif-cif ba."

"Fom faɗin kwata ya tambaya," in ji sakatare.

Goggo ta juya ta ƙare masa kallo daga kafaɗa zuwa ciki. "Ɗana, ƙirjinka arba'in da huɗu ne, cikinka kuma ba zan faɗa a gaban mutane ba. In na yanka maka arba'in da huɗu daidai, ina zan sa ɗinki? Kai kuma ina za ka sa numfashi?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, shugaba ya rufe baki da takarda. Sakatare ya ja cikinsa ciki, abin da ya ƙara tunzura mutane. Goggo ba ta yi dariya ba, don ta san dariya ba ta zuba kankare. Sai injiniyar nan ta ɗaga hannu daga ƙarshen tebur.

"Goggo, ƙafa ɗaya da rabin nan da kika ƙara, yaya kika raba ta?"

"Inci tara kowane gefe, 'yata. Wurin kamawa."

"Mashigar kuma? Na ga ita ma ta fi keken faɗi sosai."

"Wurin juyawa ne, da inci huɗu-huɗu na kalmasa. Ai ba a barin baki haka, zarewa yake."

Injiniya ta buɗe littafinta, ta juya shi wajen shugaba. "Ranka ya daɗe, ga lissafin da na yi jiya. Dole gadar ta hau bakin kwata ta kowane gefe, in ba haka ba a me za ta zauna? Ni shida da rabi na samu. Kuma dole a ɗaga gefenta kaɗan don kada taya ta zame. Mu ma muna yin kalmasa, sunan ne kawai daban. Amsar Goggo daidai ce, a layin da ba nata ba aka rubuta ta."

Shugaba ya dubi littafi, ya dubi fom, ya ce a gyara layin a sa hannu. Ya ƙara da cewa daga yau a raba tambayar nan gida biyu, faɗin kwata daban, tsawon gada daban, don ba a san telolin da ke sauran unguwanni ba. Sakatare da kansa ya gyara, a bakin ƙofa kuma ya matso ya tambayi Goggo a hankali ko tana sakin riga in ta matse.

Aikin bai zo da wuri ba, sai da aka ci wata biyu da tafiya sakatariya sau biyar, kowane zuwa da gidan da ke raka ta. Amma ya zo. Kafinta ya kafa katako, aka ɗaure rodi, aka zuba kankare. Injiniya ta ce a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, kada a taka sai ya yi mako uku. Gidaje suka raba kwanakin ban ruwa a tsakaninsu, Goggo kuwa ta fito da kujera ta zauna gadi, ko akuya ba ta yarda ta matso ba.

Ranar da aka cire shinge, da hantsi, ta sa wa Baba Direba farar riga, ta turo shi zuwa bakin layi. Mutane suka dare. A gaban gadar ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Tsaya, Tela. Direba ba ya hawa gada bai duba ta ba."

Ya duba hagu, ya duba dama, ya gyaɗa kai. "Mu je. A hankali, ban da gudu."

Tayoyi suka hau, suka sauka, ko girgiza babu. Mai faci ya taso ya karɓi keken daga hannunta, aka matsar da benci aka yi masa wuri. Ba a gama gaisawa ba wani ya ce injin motocin yanzu ya fi na da ƙarko. Goggo ta ga wuyan mijinta ya miƙe.

"Wa ya faɗa maka? Kai da ko giya ba ka iya sawa ba sai mota ta yi kuka?" Ya waiwayo ya gan ta tsaye. "Ke kuma me kike jira? Koma ga ɗinkinki, za su maido ni."

Ta juya da sauri don kada a ga idonta, ta tsallaka gadar ita kaɗai. Daɗi ne ya cika ta har ta rasa inda za ta sa shi. Ta zauna a keken ɗinki ba ta taka ba, tana jin muryarsa daga nesa ta danne ta kowa. Ta dafa abincin rana, ta zuba, ta rufe. Azahar ta yi, ta wuce, babu shi babu labarinsa. Sai wajen la'asar mai faci ya turo shi, murya ta dishe, fuska sai ƙyalli.

Ta tare shi a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Sai yanzu? Mutum ya fita tun hantsi, ba aike ba komai? To abinci ya huce, kuma ba zan ɗumama ba."

Ta daɗe tana faɗan, ta ƙi yankewa, shi kuma yana ta ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya, har ta ɗora tukunyar a wuta.