Direban da ya hana mu sallah mu kalli teku

Mun tashi da asuba daga masaukinmu na titin Liuhua Lu a birnin Guangzhou, ni da Alhaji, aminin marigayi mahaifina, da wani ɗan Maraɗi da muka haɗu da shi a jirgi. Dukanmu zuwanmu Sin na farko ke nan, ko Juma'a ba mu riska a garin ba. Mai masana'antar takalma a Panyu, wanda suke kira lawban, ya ce kayanmu sai an jira, ya yankar mana tikitin yawon buɗe ido zuwa gaɓar teku. Na ce da Alhaji, mutumin da kullum amsarsa "meyo", wato babu, yau shi ne da kyauta? Ruwa ba ya tsami banza.

Motar doguwa ce, cike da 'yan ƙasa, kowa an ɗora masa jar hula. Jagorar tafiyar, wata siririyar yarinya mai tuta da lasifika, ta karɓe fasfo ɗinmu wai don rajistar masauki. Tun daga nan na fara zargi. Alhaji kuwa ya ce ko za a yanka shi ba zai cire zannarsa ya sa hular yara ba.

Hanya kam sun iya ta. Kwalta sumul tana nannaɗe duwatsu, teku a damanka, gonakin ayaba da shinkafa a hagu, kaset na ta rera wata waƙa ɗaya kamar kukan mage. Zafi kuma irin na tukunyar dambu, gumi ba ya bushewa. A bakin titi mata na sayar da wani ɗan itace, laici, mai ɓawo ja da farin ciki mai zaƙi, arha kamar banza. Ruwan gora ne ke ƙara kuɗi duk hawan da muka yi. Abinci dai ba mu yarda da shi ba, muka tsaya kan burodi da dafaffen ƙwai.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne direba. Dattijo ne gajere, kullum idonsa na kanmu ta madubi. Tsayawar farko ya raɓo, ya yi mana sallama ƙasa-ƙasa. Na amsa da rabin baki, don 'yan kasuwar tashar jirgin ƙasa ma sun iya sallama in za su yi maka sakiyar da ba ruwa. Ya miƙo ƙunshin gurasa da nama. Nama a hannun baƙo, a ƙasar nan? Muka ce shiye-shiye, mun gode, muka bar shi da abinsa.

Da azahar muka duba inda rana ta fito, muka shimfiɗa darduma muna kallon teku, gabas sak. Kafin Alhaji ya tayar da kabbara sai ga direba yana ɗaga hannu, yana nuna dutse a bayanmu. Na ce to, kunyarsu muke ba su, so yake mu je mu ɓuya. Muka yi banza da shi. Washegari abin ya wuce nuni, sai da ya kama gefen dardumar Alhaji ya ja.

"Wallahi ya sake taɓa mini wurin sallah, sai na fasa masa butar nan a ka," in ji Alhaji.

Na san halinsa, ba ya faɗa ya fasa. Na kuma san in tsoho baƙo ya daki direba a kan dutsen da ba mu san sunansa ba, fasfo na hannun wata, ba ma jin yarensu, to sai dai iyalanmu su ji labari. Na ji tsoro ƙwarai. Na koma gadin Alhaji, duk inda ya sa ƙafa ina biye, ina ba shi haƙuri.

Ranar da za mu juyo, magariba ta same mu a wani wurin hutawa can saman tudu. Sauran fasinjoji sun bi mai tuta ɗaukar hoto. Mun daidaita sahu ke nan sai ga mutumin. Alhaji ya sunkuya ya ɗauki buta, ni kuma na yi tsalle na shiga tsakani ina "Baba, don Allah!" Direba ya zagaye ni, ya sa hannu biyu ya karɓi butar a hankali. Ya tsuguna. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa, har ƙafa, bai tsallake komai ba. Ya zaro farar hula daga aljihu ya sa, ya juya wa teku baya, ya fuskanci dutsen da rana ta faɗa, ya ce Allahu akbar.

Muka tsaya muna kallonsa.

"Yamma fa yake kallo," in ji Alhaji.

Ɗan Maraɗi ya dafe kai. Ya tsuguna ya ajiye tsakuwa uku a jere. "Alhaji, ga Kano, ga Makka, ga mu nan. Ai mun wuce ta tun a jirgi."

Innalillahi! Ashe tunda muka sauka ƙasar nan ƙeya muke ba Ka'aba. Mu da muka tashi gabas da alƙibla duk abu ɗaya ne a bakinmu, ko gawa za a kwantar gabas ake nema, wa ya taɓa tunanin gabas tana ƙarewa? Alhaji ya ja dardumarsa da kansa, ya juya ta, ya tsaya a bayan mutumin da ya yi niyyar rotsa wa kai. Muka bi sahu. Da aka sallame na ga gemunsa ya jiƙe.

A hanyar dawowa Alhaji ya koma kujerar gaba. Ba mai jin yaren wani, amma irin gurasa da naman nan tare suka ci shi da direba, har ana miƙo mana ragowa. Naman saniya ne, da yaji kamar na Sabon Gari. Da muka iso Guangzhou yarinyar ta miƙo fasfo ɗinmu cif, takalma ma muka tarar an ɗaure. Alhaji ya cire carbinsa na Madina ya danƙa wa direba. An faɗa wa Alhaji ba sai ya rama sallolin da lokacinsu ya fita ba, ya ce shi dai a bar shi, sai da ya rama.

Na fita da zargin kowa, ban zargi kaina ba ko sau ɗaya, abin da tafiyar ta koya mini ke nan. Yanzu ga ni a Fagge, na koma kallon gabas kamar kowa. Sai dai duk sanda na tayar da sallah nakan tuna can ƙarshen gabas ɗin akwai wani gajeren dattijo mai farar hula da ya juyo yana fuskantata, Ɗakin Allah a tsakaninmu. Ko sunansa ban tambaya ba.