Gadin Delu Mai Waina

Duk wanda ya zauna unguwar Treichville a shekarun can ya san Delu mai waina, matar Harisu soja. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, don haka kada kowa ya zo yana yi mini gyara.

Faransawa sun kwashi Harisu zuwa yaƙin Indoshin yana matashi mai fara'a, suka dawo mata da shi kansa ba daidai ba. Me aka gaya mata a asibitin soja? Wai ta yi haƙuri. Haƙurin me? Ko ɗan akuya ka saya ai mai shi zai gaya maka abin da yake ci!

Ciwon nasa kuwa, da jiniyar tashar jiragen ruwa ta yi kukan tsakar rana, sai ya zabura ya ƙame a ƙofar gida, wai gadi yake. Ba ci, ba sha, rana na dukansa. In ka ja shi ya make ka. Delu ce da kanta ta gano bakin zaren: soja ba ya barin wurin gadi sai wani ya karɓe shi. Sai ta ɗauki taɓarya ta saɓa a kafaɗa, ta tsaya gefensa ta ce, "Maigida, na karɓe ka." Ya sara mata, ya shiga ya ci abinci, har ya yi wasa da yara. Ita kuma ga ta a rana, waina na ƙonewa a tanda, 'yan iskan unguwa na dariya.

Labari ya kai unguwar Adjamé. Matan sojojin da nasu mazan suka dawo a haka suka fara kiranta, tana koya musu: kada a zo masa ta baya, kada a yi masa tsawa.

Amma wan Harisu, Babani, ɗan kasuwa mai tumbi, ya ce ana zubar musu da mutunci, sai an sa Harisu a mari. Delu ta ce, "Yaya, sai dai bayan raina."

Munafukin ya jira ranar da ta haye gada zuwa Adjamé. Ya kawo ƙarti suka danne Harisu, suka kai shi wani gida da ake ɗaure masu taɓin hankali. Na yi ihu har muryata ta dishe, ba namijin da ya fito. Wallahi har yau ban yafe wa unguwar nan ba.

Sai da Delu ta yi watanni tana zarya kafin suka sako shi. Ya dawo ƙafa duk gyambo, ya zauna a lungu yana kallon bango. Ba ya magana, bai san 'ya'yansa ba, ita ma kallon baƙuwa yake mata.

Babani ya leƙo, ya gyara babbar riga, ya ce, "To, Delu, kin gani? Ai ga shi ya warke."